Kundin shirin shiga makarantar likitancin haƙori a Amurka

Litinin, 28 ga Oktoba, 2024

Ranar Alhamis za a buɗe mana rajistar zangon Janairu, shi ya sa na fara wannan rubutu. Ina aji uku a wata jami'a a jihar Ohio, bayoloji nake karanta, inda na dosa kuma makarantar likitancin haƙori. A Amurka ba a shiga wannan karatu kai tsaye daga sakandare. Sai ka yi digirin farko na shekara 4 a fannin da ka ga dama, muddin ka cusa kwasa-kwasan da aka gindaya a ciki, ka rubuta DAT, wato jarrabawar shiga makarantar haƙori, ka nemi gurbi, in an ɗauke ka ka ƙara wasu 4 ɗin. Baba bai gama aminta da wannan tsari ba. Shi abin da ya sani a gida shi ne yaro ya ci JAMB, ya shiga jami'a, bayan shekara 6 ya fito da BDS. Duk sanda zancen ya taso sai ya ce, «Yanzu ke duk wannan karatun da kike yi ba ki ma fara likitancin ba?» Sai in ce masa, «Baba, ku dai ku ci gaba da addu'a.»

Abin da kusan kowace makaranta ke nema bai da yawa a takarda: bayoloji na shekara guda, kemistiri na gama-gari na shekara guda, oganik kemistiri na shekara guda, fiziks na shekara guda, duk tare da lab ɗinsu, sai Turanci. Da yawa sun ƙara bayokemistiri, wasu kuma suna son ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta ko na tsarin jiki. Wahalar ba a yawansu take ba, a jerinsu take. Ba a barinka ka ɗauki oganik sai ka gama kemistiri na gama-gari, bayokemistiri kuma tana jiran oganik. In ka makara a matakin farko, duk na bayansa sun makara. Ni shekarar farko a kwalejin shekara biyu ta unguwarmu na yi ta saboda sauƙin kuɗi, a can kuma sai da na fara da lissafi kafin a ba ni kemistiri. Shi ya sa sai yanzu nake oganik ta ɗaya, alhali abokan karatuna da yawa sun gama ta tun bara.

Don haka lissafin daga ƙarshe nake faro shi. In ina son fara makarantar haƙori a Agustan 2026, dole in miƙa takarduna a farkon Yunin 2025, domin makarantun suna duba masu nema ne bi da bi yadda suka shigo, wanda ya makara yakan tarar an raba yawancin ranakun ganawa. Ke nan DAT ma a Yunin za a yi ta. DAT kuwa tana tambayar bayoloji da kemistiri da oganik, amma babu fiziks a cikinta ko tambaya ɗaya. Wannan shi ya yanke mini hukunci: oganik ta biyu dole a Janairu, fiziks ta biyu tana iya jira.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na yi rajista. Oganik ta biyu da lab ɗinta kiredit 5 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas a jami'a), fiziyoloji 3, ƙididdiga 3, rubutun Turanci 3. Jimla 14.

Mai ba mu shawara a sashe ta so in haɗa da fiziks ta biyu tun ban manta ta ɗaya ba, abin ya zama 18. Hujjarta tana da ƙarfi, fiziks ba ta son a yi mata nisa. Amma ita tana kallon ranar kammala digiri ne, ni kuma ina kallon watan Yuni. Muka rabu a kan cewa zan ɗauke ta a aji huɗu. Makarantun haƙori ba sa cewa sai ka gama komai kafin ka nema, abin da suke so shi ne ka gama kafin ka shiga aji.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kiredit ma'auni ne mai yaudara, yau na zauna na tabbatar wa kaina da alƙalami. Digiri kiredit 120 ne, wato 15 a kowane zango in za a gama a shekara 4. Wanda ya yi ƙasa da 12 ya fita daga sahun cikakken ɗalibi, tallafin karatunsa ya ragu, in kuma da bizar ɗalibi ya shigo ƙasar to matsalarsa ta fi haka girma. Shi ya sa kowa ke magana da waɗannan lambobi kamar su ne nauyin karatun.

Amma ga lab ɗin oganik. A takarda kiredit 2 ne. A zahiri awa 4 muke yi a tsaye ranar Laraba, kafin nan akwai shirin da ake rubutawa da hannu a littafin lab, wanda in babu shi ba za a bar ka ka taɓa kwalba ba, bayan nan kuma ga rahoto mai cin daren Alhamis gaba ɗaya. Makon jiya mun tace wani gari ne ta hanyar narkar da shi a ruwa mai zafi a bar shi ya sake daskarewa a hankali. Wanda ya yi gaggawar sanyaya nasa sai ƙazantar ta koma ciki, ya sake daga farko. Kwas ɗin tarihi da nake yi kiredit 3 ne, bai kai rabin wannan wahala ba. Saboda haka na daina tambayar kiredit nawa zango yake da shi. Tambayata yanzu ita ce lab nawa ne a ciki, kuma kwas nawa ne ke buƙatar a zauna a warware tambayoyi kullum. Wannan zangon lab biyu gare ni, na oganik da na fiziks, ga aikin laburare da nake yi don kuɗin mota da littattafai. Na ga iyakata. Zango mai zuwa lab ɗaya ne, ragowar lokacin na DAT ne.

Wata 'yar ajinmu ta janye daga oganik a makon nan, kafin wa'adin janyewa ya wuce. Za a rubuta mata W a takardar sakamako, ba ya shiga lissafin maki. Wasu na ganin abin kunya ne. Ni ina ganin ta yi dabara, domin W guda ɗaya ana iya yi masa bayani a gaban masu ganawa, D kuwa sai an sake kwas ɗin, kuma ba ta gogewa.

Asabar, 21 ga Disamba

Sakamako ya fito. Oganik B+, lab ɗinta A, fiziks B, ilimin gadon halitta A, tarihi A. Alhamdu lillahi.

Na yi amfani da hutun nan na karanta yadda AADSAS ke lissafin maki. AADSAS ita ce kafar da ƙungiyar makarantun haƙori ta Amurka, ADEA, ke karɓar takardun masu nema ta cikinta, ka cike sau ɗaya a aika wa makarantu da yawa. Mazauna Texas masu neman makarantun gwamnatin jiharsu suna da tasu daban, TMDSAS. Abin da ya kamata kowa ya sani tun aji ɗaya shi ne AADSAS ba ta ɗaukar matsakaicin makin da jami'arka ta rubuta, nata take sake bugawa. Tana fitar da na dukkan kwasa-kwasai, da na kimiyya, da wani na bayoloji da kemistiri da fiziks kaɗai. In ka faɗi kwas ka sake shi, ko da jami'arka ta maye tsohon maki da sabo, ita duka biyun za ta ƙirga. Kuma duk makarantar gaba da sakandare da ka taɓa ɗaukar kwas a cikinta sai ka kawo takardarta.

Wannan ya sa cika zango da kwasa-kwasai masu sauƙi don ɗaga maki ba ya ɓoye komai, lambar kimiyyar tana nan a gefe tana kallon mai dubawa. Haka kuma jibga kimiyya huɗu a zango ɗaya don a burge su, a fito da C biyu, asara ce da za ta bi mutum har ƙarshe.

Sauran damuwata ita ce shekarar da na yi a kwalejin shekara biyu. Wasu makarantun ba su damu ba, wasu sun ƙayyade yawan kiredit ɗin da za su karɓa daga irin waɗannan kwalejoji, wasu kuma sun fi son a yi kwasa-kwasan sharaɗi a jami'a. Bayoloji ta farko da kemistiri ta ɗaya a can na yi su. Maganin da ke hannuna shi ne manyan kwasa-kwasan kimiyya a nan jami'a su nuna cewa makin can ba kyauta aka ba ni ba. Na fara jera makarantu ina rubuta sharaɗin kowace a gabanta, domin babu biyu da suka zo daidai.

Lahadi, 26 ga Janairu, 2025

Zango ya kankama. Safiyar Juma'a ba ni da lakca, da gangan na bar ta haka, ita ce nake zuwa wani ƙaramin asibitin haƙori ina tsayawa a bayan likita ina kallo. Makarantu suna son ganin awoyin irin wannan tsayuwa, da yawansu wajen awa 100 suke ambata, kuma sun fi son yawanci ya zama wajen likitan haƙori na gama-gari, ba na ƙwararre a fanni ɗaya ba. Ba a taɓa mara lafiya, ba a miƙa kayan aiki. Kallo ne kawai da tambaya in mara lafiya ya fita.

A nan haƙora lamba gare su daga 1 zuwa 32. Ana farawa daga turmin ƙarshe na sama ta dama, a zagayo zuwa 16 a hagu, a sauko 17 a ƙasa ta hagu, a ƙare a 32 ta dama. Makon farko ina jin likitar tana cewa 14, 19, 30, ban san inda zan kalla ba. Yanzu idona yana riga hannunta isa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne madubi. In tana ciko a haƙoran sama na can ciki, ba haƙorin take kallo ba, ɗan madubin nan mai kamar cokali take kallo, hannunta kuma yana aiki a juye, a wurin da bai fi ƙwayar gero ba, ga ruwa yana feshi, ga harshe yana motsi. A ranar na fahimci dalilin da ya sa DAT take da sashen gwajin ido da kwakwalwa da ake kira PAT, wanda da nake ɗauka wasan yara ne aka cusa don a wahalar da mu. Tambaya 90 ne a minti 60, kashi shida, kowane 15. A nuna maka wani abu mai kusurwoyi a ce ta wace kafa zai iya wucewa. A ba ka hotonsa ta sama da ta gaba ka zaɓi yadda zai kasance ta gefe. A jera kusurwoyi huɗu da ido ba ya rabewa a ce ka jera su daga ƙarama zuwa babba. A naɗe takarda a huda ta a ce ina ramukan za su fito in an buɗe. A tara tubala a ce nawa ne fenti ya taɓa fuskarsu biyu. A shimfiɗa zane a ce wace siffa zai ba da in an naɗe shi. Babu kwas ɗin jami'a da ke koyar da wannan, kuma ba a haddace shi a mako biyu. Na sa masa minti 20 kullum bayan sallar asuba. Abin mamaki, darasin oganik na juya ƙwayar sinadari a kai don gane ta dama da ta hagu yana taimakawa a nan.

Na karɓi lambar DENTPIN, wadda sai da ita ake rajistar DAT da AADSAS.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shiga tun farkon wata, ya faɗo daidai kan jarrabawar tsakiyar zango. Tun Oktoba na san haka za ta faru, yana cikin dalilan tsayawa a kiredit 14, ko da yake ban faɗa wa mai ba da shawara ba. Yau kuma aka tura agogo gaba da awa ɗaya, shan ruwan da muke yi wajen shida da rabi ya koma bakwai da rabi. Tsawon yinin bai canja ba, amma lakca da aiki agogo suke bi, don haka daren ya gajarce. Na mai da karatu mai nauyi bayan sahur, oganik da fiziyoloji, rana kuma ta rubutun Turanci ce da rahoton lab. Umma ta ɗauke mini girkin buɗa-baki a ranakun mako, ƙanwata na ta ƙorafi.

Oganik ta biyu ta fi ta ɗaya yawan haddar hanyoyin haɗuwar sinadarai, amma ta fi ta ma'ana. Da zarar ka gane cewa mai yawan lantarki ne ke neman mai ƙaranci, rabin kibiyoyin da ake zanawa a allo sun daina zama sihiri. Karanta sakamakon NMR, na'urar da ke nuna tsarin ƙwayar sinadari, shi ne har yanzu nake tafiyar hawainiya a kai.

Labarin da ya tayar da ƙura a ƙungiyarmu ta masu shirin haƙori shi ne canjin ma'aunin DAT. Daga 1 ga Maris ɗin nan, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ADA, wadda ke shirya jarrabawar, ta bar tsohon ma'auni na 1 zuwa 30 ta koma 200 zuwa 600. Shekara da shekaru ɗalibai sun saba da cewa wane ya ci 20, wane ya ci 23, kowa ya san abin da ake nufi. Yanzu sai an duba jadawalin kwatanci. Tambayoyin dai ba su canja ba, saboda haka ban ga abin firgita ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Makon nan an yi muhawara a gida. Yayana ya kawo shawarar in jinkirta nema da shekara guda: in gama digiri a natse, in rubuta DAT ba tare da tsere ba, in yi aiki a asibitin haƙori in tara kuɗi, sannan in nema da makin shekara 4 cif, har da bayokemistiri. Mutane da yawa haka suke yi, kuma makarantu ba sa ɗaukarsa aibi. Baba da ya ji sai ya ajiye cokali ya ce, «Takwas ɗin ma ba ta isa ba, sai an mai da ita tara?» Yaya ya ce, «Baba, ai gara ta shiga da ƙarfinta da ta nema a ƙi ta.»

Na yi kwana biyu ina juya maganar, domin ta Yaya ba ta wasa ba ce. Nema yana cin kuɗi, kuma wanda aka ƙi ya dawo baɗi sai ya nuna abin da ya ƙaru a kansa. Abin da na tsayar shi ne in bar gwajin gwaji ya yi hukunci. Zan gama zango a farkon Mayu, in yi cikakkiyar jarrabawar gwaji a ƙarshen watan. In kimiyyar ta tsaya da ƙafarta, in ci gaba. In ba ta tsaya ba, in ɗaga DAT, in bi shawarar Yaya, Baba kuma Umma ta san yadda za ta shawo kansa.

Na biya kuɗin DAT, ya haura dala 500, na kama rana a cibiyar jarrabawa ta Prometric a ƙarshen Yuni. Na kuma nemi wasiƙun shaida: malamin oganik, malamar fiziyoloji, da likitar da nake tsayawa wajenta. Ga wani amfanin rage kwas da ba a faɗa: na sami lokacin zuwa ofishin malamai a sa'o'in da suka ware. A ajin mutum ɗari biyu, malamin da bai san fuskarka ba me zai rubuta a kanka?

Rajistar zangon Agusta: bayokemistiri 4, fiziks ta biyu 4, ilimin halayyar ɗan Adam 3, wani kwas na zaɓi 3, taron ƙara wa juna sani na sashe 1. Ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta na tura shi Janairu. Lokacin ganawa da makarantu daga kaka ne zuwa hunturu, lakca ana iya aron rubutun wani, lab kuwa in ka rasa shi ka rasa. Lab ɗaya ya ishe ni a zangon da nake fatan yin tafiye-tafiye.

Lahadi, 18 ga Mayu

Oganik ta biyu A-, fiziyoloji A, sauran biyun A. Kiredit 89 ke nan, saura 31.

An buɗe AADSAS. Shigar da kwasa-kwasai ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda suke a takardar sakamako, har waɗanda ban yi ba tukuna da nake shirin yi, aiki ne mai gundura amma ba ya son kuskure. Bayanin kai kuma harafi 4,500 aka yarda, har da tazarar tsakanin kalmomi. Akwai gurbin da ake tambayar abin da kake yi da hannu mai buƙatar ƙwarewa. Wasu kiɗa suke rubutawa, wasu sassaƙa. Ni na rubuta zanen lalle, wanda nake yi wa amare da 'yan biki a cikin jama'armu tun ina sakandare. Sirantaccen layi a kan fatar mutumin da ke motsi yana hira, awa biyu ko uku ba tare da hannu ya yi rawa ba, kuma in ka kuskure ba ya gogewa.

Karatun DAT yanzu shi ne aikina. Bayoloji ce mai faɗi, tambaya 40 daga cikin 100 na kimiyya, kuma tana iya fitowa daga ko'ina, tun daga ƙwayar halitta har rabe-raben tsirrai da dabbobi da na bari tun aji ɗaya. Kemistiri 30, oganik 30, duka a minti 90. Oganik tana nan da ɗuminta a kaina, ba ta buƙatar komai sai bita. Da na bar ta sai baɗi, ko na rubuta DAT kafin in gama ta, da labarin ya bambanta.

Lahadi, 8 ga Yuni

Gwajin ƙarshen Mayu ya yi kyau, ban da lissafi, inda lokaci ke ƙare mini: tambaya 40 a minti 45. Na ci gaba. Yaya ya ce to Allah ya sa a dace.

Na miƙa takardu kafin Babbar Sallah. Ana iya miƙawa ba tare da sakamakon DAT ba, a ci gaba da tantance takardun makaranta kafin ya iso. Kuɗin neman makarantar farko ya haura dala 250, na kowace ƙari ya haura 100, wasu kuma suna da nasu kuɗin daban, don haka jerin ya ragu da kansa. Ohio State tana kan gaba saboda ta gwamnatin jiha ce, kuɗinta ya fi sauƙi ga mazauna Ohio. Na sa Case Western ta Cleveland, da Howard ta Washington, da Meharry ta Nashville, waɗanda tun ƙarni na 19 suke yaye baƙaƙen likitocin haƙori, da Maryland, magajiyar kwalejin Baltimore ta 1840 wadda ita ce makarantar haƙori ta farko a duniya. Wasu digirin DDS suke bayarwa, wasu DMD. Baba ya tambayi wanne ya fi girma, na ce masa suna ne kawai ya bambanta, karatun da lasisin ɗaya ne.

Asabar, 28 ga Yuni

An yi DAT. Sama da awa 5 a gaban kwamfuta in an haɗa da hutun rabin awa a tsakiya. Kimiyya da PAT kafin hutu, karatun fahimta da lissafi bayansa. Ba a shiga da komai, su suke ba da allon rubutu da alƙalami. Sashen fahimta dogayen rubuce-rubucen kimiyya uku ne da tambaya 50, a nan gajiya ta fara kama ni. Kusurwoyin PAT kuwa, wasu Allah kaɗai ya san wadda ta fi. Yanzu sai jiran sakamako. Wanda bai gamsu da nasa ba sai ya jira kwana 60 kafin ya sake, wato ƙarshen Agusta, lokacin da makarantu sun yi nisa da dubawa.

Lahadi, 20 ga Yuli

Sakamakon DAT ya fito: matsakaicin maki 440, PAT 420. Matsakaicin daga sassa biyar ake fitar da shi, PAT ba ta ciki. Oganik ce ta fi kowanne, lissafi ne ƙasa. Ba zan sake ba.

Murnar ba ta daɗe ba sai lissafin kuɗi ya shigo. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli ta taɓa bashin karatu na gwamnatin tarayya. Daga 1 ga Yulin 2026 an rufe bashin Grad PLUS ga sababbin masu karɓa, wanda shi ne ke cike duk abin da ya rage na kuɗin makaranta da na zama. Ɗaliban likitanci da na haƙori an ƙayyade musu dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Ajin da nake neman shiga, na Agustan 2026, shi ne na farko da abin zai faɗa wa. A makarantu masu zaman kansu da yawa kuɗin karatu kaɗai na shekara ya wuce wannan adadi, ba a zo maganar haya da kayan aiki ba. Giɓin sai dai bashin banki, mai ruwa mai yawa, mai neman wanda zai tsaya maka. A gidanmu kuwa maganar bashi mai ruwa ba ƙaramar magana ba ce, ko na gwamnatin ma sai da aka kai ruwa rana.

Wannan ya sake jera mini makarantun ba tare da na taɓa takardar ba. Ta jiha ta ƙara nisa a gaba. Na fara karanta sharuɗɗan tallafin hukumar lafiya ta tarayya da ke biya wa ɗalibi karatu, shi kuma ya yi aiki na wasu shekaru a yankin da ke ƙarancin likitoci, sai dai wannan na 'yan ƙasa ne, ni kuma katin zama nake da shi tukuna. Yaya zai duba lokacin da zan cancanci neman zama 'yar ƙasa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Bayokemistiri ta fara da amino asid 20, sunansu da siffarsu da halin kowanne a ruwa, malamin ya ce mako biyu ya ba mu. Wannan kwas ɗin ba na cika sharaɗi kawai ba ne, shi ne ya fi kama da abin da ake yi a shekarar farko ta makarantar haƙori, kuma AADSAS tana buɗe damar sabunta maki bayan zangon ya ƙare, don haka makarantun da ba su yanke hukunci ba za su gan shi. Fiziks ta biyu kuma lantarki ce da maganaɗisu da haske. Mai ba da shawara ta yi gaskiya cewa za a manta ta ɗaya, na koma littafin bara na kwana biyu, abin ya dawo. Ita ce farashin da na san zan biya tun Oktoba, kuma ya yi araha.

Goron gayyatar ganawa biyu sun zo daga makarantu. Ɗaya ta intanet ce, ɗaya sai an je. Ta zuwan ta faɗo ranar Talata, ranar lab ɗin fiziks, kuma jajibirin tes ɗin bayokemistiri na farko. Na rubuta wa mai kula da lab, ya yarda in shiga rukunin Alhamis a wannan makon kaɗai. Tes ɗin ba ya ɗaguwa, don haka hanyoyin sarrafa sukari a jiki a mota za a haddace su, Yaya ne zai tuƙa. Amsar makarantu ba ta fara fitowa sai tsakiyar Disamba, ko da an yi ganawar tun yanzu. Kafin Talatar akwai buƙatar in nemi likitar ta sa hannu a takardar awoyina, in kuma kai rigar da Umma ta saya wajen tela a rage mata hannu.